Gani Ya Kori Ji: Mu Je Mu Ga Tsohon Birnin Kano

(Jawabin da editan wannan jarida ya yi wa ɗaliban azuzuwan manya na Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa.)



  Na san wasunku tun da sassafe suka taso daga Gwiwa da Roni, wasu kuma daga Babura. Allah Ya saka da alheri.

Yau maganar tafiya zan yi muku. Tafiyar kuwa ba mai nisa ba ce. Kano za mu.

Na san wani zai ce a ransa, "Kano kuma? Ai zuwan da na yi ba ya ƙirguwa." Gaskiya ne, muna zuwa Kano. Mukan kai riɗi da wake da zoɓo kasuwar Dawanau. Mukan je Kantin Kwari sayen atamfa in biki ya taso. Mukan kai marasa lafiya asibiti. To amma in na ce wanda ya taɓa hawa Dutsen Dala ya ɗaga hannu, hannu nawa za mu gani? Wa ya taɓa shiga Gidan Makama? Wa ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata ya ga yadda ake rini?

Yawancinmu daga tasha sai kasuwa, daga kasuwa sai tasha. Mun san Kano ta ciniki, ba mu san Kano ta tarihi ba. Abin da ya sa na zaɓi maganar nan shi ne, kayan tarihin nan ba jiran mu suke yi ba. Wasu sun rushe, wasu suna kan rushewa. Abin da za ku iya gani bana, mai yiwuwa jikokinku sai dai su ji labari. Saboda haka ina so kowa ya fita daga nan da niyyar ware yini guda, ya ɗauki ɗansa ko 'yarsa, su je su gani da idonsu.

Mu da Kano

Kada wani ya ce tarihin Kano na Kanawa ne kaɗai. Da mu a ciki.

Daga 1967 har zuwa 1991 duk muna cikin Jihar Kano ne. Ran 27 ga Agusta, 1991, aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, Dutse ta zama babban birninmu. Mutanen Babura ma a ƙarƙashin Sarkin Kano suke a da, sai a wannan shekara ta 1991 suka koma ƙarƙashin sabuwar masarautar Ringim.

Mu mutanen masarautar Kazaure kuma namu labarin daban ne. Ɗan Tunku, wanda ya kafa sarautar Kazaure, a Dambatta ya zauna. Da Ibrahim Dabo ya hau gadon sarautar Kano a 1819, Ɗan Tunku ya ƙi yi masa mubaya'a. Aka yi shekaru ana gwabzawa. Daga baya Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya shiga tsakani, aka bar Kazaure ta tsaya da ƙafarta. Ɗansa Dambo shi ya mai da garin Kazaure mazaunin sarki. Kun ga ke nan, duk ranar da mota ta ratsa da ku ta Dambatta, kan tarihin kakanninku kuke tafiya. Ku gaya wa yaran da kuka ɗauko, tun daga nan yawon buɗe ido ya fara.

Daga Kazaure zuwa Kano bai kai kilomita 100 ba. Wanda ya fita bayan sallar asuba, da hantsi yana cikin birni. A 2021 kuma aka ƙaddamar da aikin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, wadda aka tsara za ta bi ta Dambatta da Kazaure da Daura.

Yanzu bari mu bi wuraren ɗaya bayan ɗaya, yadda mai fitowa daga wajenmu zai riske su.

Ganuwa da ƙofofinta

In kun wuce Dawanau kun doshi gari, ku buɗe ido. A wasu wurare za ku ga tudun jar ƙasa mai tsawo ya miƙe a gefen titi. Wannan ita ce ganuwa, Kanawa kan ce badala.

Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna Bagauda ne sarki na farko, ya hau a shekarar 999. Sarki na uku, Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara gina ganuwa. Ɗansa ya ƙarasa. Sarakunan baya suka yi ta faɗaɗa ta yayin da jama'a ke ƙaruwa. Ku lissafa da kanku, shekara nawa ke nan? Ta haura 800.

Da me aka gina ta? Da ƙasa da ruwa da ƙarfin mutane, irin ginin da kuka sani a gida. Ba siminti, ba mota, ba inji. A bayanta aka haƙa rami mai zurfi, aka bar sarƙaƙiya ta cika shi, don kada doki ya iso gindinta. A cikinta kuma ba gidaje kaɗai aka kewaye ba. An bar gonaki da kududdufai. Dalili shi ne, in yaƙi ya taso, mutanen ƙauye sukan gudo ciki da dabbobinsu, a rufe ƙofofi. Ko abokan gaba sun daɗe a waje, akwai abinci da ruwa a ciki. Ashe ganuwar nan har da manomi aka gina wa.

Kowace ƙofa da sunanta, kuma da mai kula da ita, wato Sarkin Ƙofa. Akwai Ƙofar Ruwa, da Ƙofar Mazugal, da Ƙofar Wambai, da Ƙofar Mata, da Ƙofar Nassarawa, da Ƙofar Ɗan Agundi, da Ƙofar Na'isa, da Ƙofar Gadon Ƙaya, da Ƙofar Kabuga, da Ƙofar Kansakali, da Ƙofar Waika, da wasunsu. Ta wajen Ƙofar Kabuga sojan Turawa suka shiga birnin a watan Fabrairu na 1903.

Abin baƙin ciki, yawancin ganuwar ya tafi. Ruwan sama yana cin ta kowace damina, ba a kuwa yin aikin gayya a yaɓe ta kamar da. Mutane sun ɗebi ƙasarta sun yi gini. Wasu sun kafa gidaje da shaguna a kanta. A 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa don a faɗaɗa titi, aka gina sabuwa. Sabuwar tana da kyau, amma ba ita ce wadda kakanni suka bi ta cikinta ba. In kun ga inda ganuwa ta rage, ku tsaya. Ku sa yaro ya taɓa ta da hannunsa.

Dutsen Dala

Wuri na biyu shi ne Dutsen Dala. Nan Kano ta faro. Tun kafin Bagauda akwai mutane a gindin dutsen nan. Masu binciken tarihi sun gano alamun narka tama a wurin, na fiye da shekara 1,000 da suka wuce. Maƙera ne suka fara zama, domin ƙasar tana da tama. Inda akwai ƙarfe, akwai fartanya da garma da gatari. Inda akwai waɗannan kuwa, noma zai yi albarka, jama'a su taru. Haka ƙauye yake zama birni.

Tarihi ya kawo labarin wani ƙaƙƙarfan mutum mai suna Barbushe. Shi ne shugaban mutanen Dala a zamanin maguzanci, mai kula da abin bautarsu da ake kira Tsumburbura. Daga baya, a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, malamai Wangarawa suka zo daga ƙasar Mali, Musulunci ya kafu a fada.

An yi wa dutsen matakala, saboda haka hawa ba wuya ga mai lafiya. Dattijo ya hau a hankali, yana hutawa. Ku hau da safe kafin rana ta yi zafi. In kun kai sama, birnin duka zai baje a gabanku kamar tabarma. Za ku hango Gwauron Dutse, ɗan'uwan Dala. Za ku hango hasumiyoyin babban masallaci da koriyar ƙubbarsa. A nan ne mutum zai gane abin da ya sa ake ce wa Kano tumbin giwa.

Dattawan cikinku za su tuna da dalar gyaɗa, wato buhunan gyaɗa da ake jerawa su yi tsini kamar dutse. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga nan cinikin gyaɗa ya buɗe, attajirai irin su Alhasan Ɗantata suka shahara. Gyaɗar iyayenmu tana cikin buhunan nan. Yau babu dalar gyaɗa ko ɗaya, sai a hoto. Wannan ma ya ishe mu misali: abin da ake gani yau, gobe yana iya zama labari.

Kasuwar Kurmi

Daga Dala ku gangaro Kasuwar Kurmi, babu nisa. Sarki Muhammadu Rumfa ne ya kafa ta. Ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Ku riƙe sunan nan, domin za mu sake haɗuwa da shi.

Kasuwar nan ta haura shekara 500 tana ci. A da ayarin raƙuma kan ratso Sahara daga Tarabulus da kayan Larabawa. Buzaye kan kawo gishiri daga Bilma. Fatake kan tafi Gwanja, a ƙasar Gana ta yau, su yi watanni a hanya, su dawo da goro a kan jakuna. Daga Kano kuma a fita da tufafi da jemammiyar fata. Wani Bature ɗan Jamus mai suna Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya zo Kano a 1851. Ya rubuta cewa tufafin Kano suna kaiwa har Tambutu da bakin tekun arewa. Mu faɗi gaskiya kuma, a kasuwar nan an sayar da bayi, kafin a hana wannan mummunan ciniki. Tarihi da daɗi da ɗaci, duka ake faɗa wa yaro.

Lungunan Kurmi ƙanana ne, sai da ƙafa. Kowace sana'a da layinta. Akwai dukawa masu jakunkuna da takalma da titimi. Akwai masu kayan doki, sirdi da linzami da likkafa. Akwai masu hula da masu riguna 'yan aska. Akwai masu turare, da masu kayan yaji, da masu ƙwarya da faifai, da masu littattafai da alluna. Ba dole sai ka saya ba. Ka yi sallama, ka gaisa, ka tambaya. Mai sana'a yana jin daɗin wanda ya yaba aikinsa. In kai maƙeri ne ko baduku ko maɗinki a ƙauyenku, ka duba da kyau, za ka koma gida da sabuwar dabara.

In yunwa ta taso, ku nemi gurasa. Unguwar Jakara, maƙwabciyar kasuwar, ta yi suna wajen yin ta. A barbaɗa mata ƙuli da yaji, a zuba mai da albasa, shi ne bandashe. Kuɗinta ba yawa, tana kuma riƙe ciki.

Masallaci da fada da Gidan Makama

Daga Kurmi ku yi kudu, za ku iso babban masallacin Juma'a. Tun zamanin Rumfa akwai masallacin Juma'a a birnin. Ginin da kuke gani yanzu na zamanin Sarki Abdullahi Bayero ne, wanda ya yi mulki daga 1926 zuwa 1953. A nan za ku yi sallar azahar ku huta.

Jikin masallacin ga fadar Sarkin Kano, wadda ake kira Gidan Rumfa, domin shi ya gina ta. Tun daga lokacinsa sarakunan Kano a nan suke zama, na Haɓe da na Fulani. A zamaninsa ne babban malami Shehu Magili ya zo Kano daga arewacin Afirka, ya rubuta wa sarki nasiha a kan yadda ake mulki da adalci. Baƙo ba ya shiga cikin gida haka kawai. Amma za ku iya tsayawa a filin Ƙofar Kudu, ku ga ƙofar fada da dogarai cikin rigunansu ja da kore. Ku bi ladabin da kuka sani a fadar Kazaure ko ta Ringim. Inda aka ce a tsaya, a tsaya.

Tsallaken titi kaɗan sai Gidan Makama. In lokaci ya ƙure muku, ko'ina za ku bari, kada ku bar nan. Tsohon gida ne na zamanin Rumfa, yanzu an mai da shi gidan ajiye kayan tarihi. Hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ke kula da shi. Akan biya kuɗin shiga, ku tambaya a ƙofa. Akwai ma'aikata masu zagayawa da baƙi suna yi musu bayani da Hausa.

A ciki za ku ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari. Za ku ga kayan yaƙi na da, sulke da kwalkwali da masu da takubba. Za ku ga kayan kiɗa, da kayan sana'o'i, da tsofaffin hotunan birnin da na sarakuna. Labarin da kakanninku suka ba ku da dare, ga kayansa nan a gabanku.

Magina, ku ɗaga kai ku dubi rufin. Da tubali da azara aka yi shi, aka ɗaure shi da bakan gizo, babu ƙarfe ko ɗaya. Ku lura kuma da sanyin ɗakin ko da rana ta take. Katanga mai kauri ba ta barin zafi ya ratsa da wuri. Ginin ƙasa ba abin kunya ba ne. In an iya shi, ana kuma yaɓe shi a kan lokaci, yakan ga jikoki da tattaɓa kunne.

Marinar Ƙofar Mata

Daga masallaci ku yi gabas ta wajen Asibitin Murtala, za ku iso Ƙofar Mata. A gefenta akwai marina, wadda aka ce an kafa ta a 1498. Har yau ana rini a wurin, kuma yadda aka gada.

Ga yadda aikin yake. Akwai ramuka masu zurfi kamar ƙananan rijiyoyi. Akan cika rami da ruwa, a zuba toka da baba, wato ganyen da ake samun shuni daga gare shi. Sai a bar shi kwanaki yana ruɓa, ana motsa shi da muciya, har ya nuna. Daga nan marini ya tsoma zane, ya ɗaga shi ya sha iska, ya sake tsomawa. Ku sa ido a nan. In zanen ya fito daga rami, kore-kore yake. Iska ce ke mai da shi shuɗi a gaban idonka. Yawan tsomawa, yawan duhun launi. Adon da kuke gani a jiki kuwa, mata ne ke ƙulla zanen da zare a gida kafin a kawo. Inda aka ƙulle, shuni ba ya shiga. Bayan ya bushe sai a kai wa mabuga, su ɗora shi a kan gungume su yi ta bugu har ya yi ƙyalli.

Sana'ar nan ta yi wa ƙasar Kano arziki ƙwarai. Rawanin da Buzaye ke ji da shi, ɗan Kura, daga garin Kura na ƙasar Kano yake fitowa. Ku tuna har gobe mai dukiya "mai hannu da shuni" muke ce masa.

Amma in kun je za ku ga ramuka da yawa a bushe, wasu sun cike da ƙasa. Yadin kanti mai araha da rinin bature sun janye masu saye. Samari da yawa sun koma wasu sana'o'i. Wanda ya sami hali ya sayi ko ɗan kwali ne ya kai wa uwargida. Ya yi tsaraba, ya kuma taimaki sana'ar da ke neman ɓacewa.

Gidan Ɗan Hausa

Akwai wani gida a wajen ganuwa, a unguwar Nassarawa, wanda ya shafe ku kai tsaye. Sunansa Gidan Ɗan Hausa. Wani Bature ne mai suna Hanns Vischer, haifaffen ƙasar Suwizalan, ya zauna a ciki. Saboda ya iya Hausa sosai, mutane suka sa masa suna Ɗan Hausa. A 1909 ya buɗe makarantar boko a nan Nassarawa, ta farko da gwamnati ta kafa a Arewa. Ya kuma yi aiki wajen tsara yadda za a rubuta Hausa da baƙaƙen boko. Kafin wannan, malamanmu sun daɗe suna rubuta Hausa da ajami. Baƙaƙen da kuke karanta jaridar nan da su, gidan nan yana cikin tarihinsu. Ginin ƙasa ne mai bene, da zane a jikin bango. Hukumar tarihi da al'adu ta Jihar Kano ke riƙe da shi.

Sauran wurare da lokacin hawa

Wanda zai kwana yana da ƙarin wuraren zuwa. A Gwammaja akwai Gidan Mambayya, gidan Malam Aminu Kano. Ya rasu a 1983, a nan kuma aka binne shi. Jami'ar Bayero ke kula da gidan. Ku je ku ga irin ɗakin da jagoran talakawa ya zauna a ciki. Yara kuwa ba abin da za su fi so kamar Gidan Zu, inda ake ajiye namun daji. An kafa shi a zamanin Gwamna Audu Baƙo, sunansa kuma yake ɗauke da shi.

Akwai kuma hawan salla. Kun san hawa a Kazaure, amma na Kano kwanaki ake yi. Akwai Hawan Salla, da Hawan Daushe, da Hawan Nassarawa. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya hawan Kano cikin jerin al'adun da duniya ke alfahari da su. Sai dai wasu shekarun akan dakatar da hawan, kamar yadda aka yi a 2025. Saboda haka a saurari rediyo kafin a taso, kada a yi asarar kuɗin mota.

Shirin tafiya

Ga 'yan shawarwari, ku rubuta su.

Na ɗaya, lokaci. Bayan kaka ya fi, an gama aikin gona, akwai ɗan abin hannu, rana kuma ba ta da zafi. Ranar Juma'a akan rufe wasu tituna kusa da masallaci da azahar, a san da wannan.

Na biyu, kuɗi. Tafiyar mutum ɗaya tana da tsada. 'Yan aji ɗaya ku yi karo-karo ku ɗauki shatar mota, ku naɗa shugaba da ma'aji. Azuzuwan mata ma su shirya tasu tafiyar da yardar mazajensu. Magidanta, a ba su dama. Uwa ce ke ba yaro labari da dare, ya kamata ta ga abin da za ta faɗa.

Na uku, zirga-zirga. Tun 2013 aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a cikin birnin Kano. A daidaita sahu ake hawa. Ku yi ciniki kafin ku shiga. Daga Dala zuwa Kurmi zuwa fada kuwa, mai ƙarfi yana iya takawa.

Na huɗu, tsaro. Kowa ya riƙe katin shaidarsa. A raba kuɗi gida biyu, kada a tara a aljihu ɗaya. A rubuta sunan yaro da garinsu da lambar wayar mahaifinsa a takarda, a sa masa a aljihu. In an ɓata hanya, a tambayi mai shago ko dattijo. Matambayi ba ya ɓata.

Na biyar, ladabi. Kada a ɗauki hoton mutum sai an nemi izninsa. Kada a taɓa kayan gidan tarihi. Kada a yi rubutu a bango, kada a zubar da shara.

Na shida, a tafi da littafi da biro. Ku karanta allunan tituna da na ƙofofi da kanku. Ku rubuta sunan duk wurin da kuka je, da abu ɗaya da kuka gani a can. In kun dawo, ku karanta wa waɗanda ba su je ba. Wanda ya rubuto mana labarin tafiyarsa, za mu duba mu buga.

Kammalawa

Jama'a, wanda ya ga yadda ganuwar Kano ke zaizayewa, in ya dawo gida da wani ido zai dubi garinsu. Kowane gari a ƙasar nan yana da nasa abin tarihi: tsohuwar rijiya, kufai, kukar da aka kafa gari a gindinta, maƙerar da aka gada, dattijon da ya san sunayen masu gari tun na farko. Ku je wurin dattawan nan tun suna raye. Ku tambaye su, ku rubuta. Wanda ya gama da Kano kuma, ga Daura nan kusa da mu, da rijiyar Kusugu.

Sau nawa muka kai kaya Dawanau muka juyo? Wannan karon a ƙara yini guda. A ɗauki yaro, a hau Dala, a shiga Gidan Makama, a tsaya a marina. Hausawa sun ce gani ya kori ji.

Allah Ya kai ku gida lafiya, Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.